Dilip Tirkey Da Filayen Makarantun Mishan

A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ƙasar Indiya ta ci lambar tagulla a ƙwallon gora na maza, bayan shekara 41 ba ta samu ko ɗaya ba. Ta sake cin tagulla a Faris a 2024. Mun ga ya dace mu duba tushen wannan nasara ta wajen rayuwar wani ɗan wasa da bai taɓa rataya lambar Olamfik ba.

An haifi Dilip Tirkey a 1977 a ƙauyen Saunamara, gundumar Sundargarh ta jihar Odisha, cikin ƙabilar Oraon, mutanen karkara da aka daɗe ana bari a baya. Makarantun mishan ne suka yaɗa wasan a wannan yanki. Yara kan sassaƙa sanda daga gora, ƙauyuka kuma su yi gasa, wanda ya ci a ba shi bunsuru.

Tirkey ya fara yi wa ƙasarsa wasa a 1995, yana tsaron baya. Ya je Olamfik sau uku, a 1996 da 2000 da 2004, inda ya jagoranci 'yan wasa a Atina. Ya ci zinariya a Wasannin Asiya na 1998 a Bankok. Kafin ya yi ritaya a 2010 ya buga wasa 412, shi ne ɗan Indiya na farko da ya haye 400. Amma zamaninsa na koma-baya ne, har Indiya ta kasa zuwa Olamfik na 2008, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1928.

To, me ya sāke? A 2018 gwamnatin Odisha ta ɗauki nauyin ƙungiyar ƙasa. Aka gina babban filin wasa a Rourkela, cikin gundumar Tirkey, inda aka buga wasu wasannin Kofin Duniya na 2023. Shi kansa an zaɓe shi shugaban hukumar wasan ta Indiya a 2022. Amit Rohidas, ɗan ƙauyensu, yana cikin waɗanda suka ci lambobin nan biyu. Kuɗin gwamnati ya taimaka ƙwarai, amma ya tarar da yaran da suka riga suka iya riƙe sanda.

Nan ne maganar ta shafe mu. Yawancin makarantun mishan namu an kafa su ne da fili a gabansu. Duk lokacin da majalisar ikilisiya ta zauna kan shawarar yanka filin don gina shaguna, sai dattawa su tuna cewa kuɗin haya na shekara ne, yaron da fili ya rena kuwa na tsara guda ne. Malaman da suka share fili a Sundargarh ba su ga girbinsa ba, amma ba su yi aikin banza ba.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, amin.