Bayan An Watse Daga Bita

Kamfanoni da dama a Amurka da Ingila sukan tura ma'aikatansu bita kan awon hali na Myers-Briggs, wanda ya kasa mutane gida 16. Masana da yawa suna shakkar ingancinsa, amma yakan koyar da abu ɗaya mai amfani: mai shiru-shiru yana buƙatar lokaci kafin ya ba da amsa. Sai dai da an watse akan koma gidan jiya, mai surutu ya mamaye taro. Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna yadda sabon karatu ke gushewa in ba a maimaita shi ba. Maimaitawar kuwa aikin shugaban ofis ce. Shi zai raba ajanda tun jajiberin taro, ya kuma nemi ra'ayin wanda bai ce uffan ba.