A Biya Manomin Albasa Tun Kafin Dashe

Duk wanda ya san Aliero ya san yadda farashin albasa ke karyewa a watannin Maris da Afrilu. Kowa ya cire tasa a lokaci guda, dillalai sun cika gari, manomi kuwa bashin taki da na man injin ban ruwa na jiransa. Sai ya sayar da araha. Bayan 'yan watanni, idan damina ta yi nisa, albasar nan ce ma'aikacin jami'a ko malamin makaranta a Jega zai saya da tsada. Manomi bai amfana ba, mai saye ma bai huta ba.

A ganina tushen matsalar rashin kuɗi ne a lokacin da ake yafa iri da dashe. Gwamnati ta gane haka, shi ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015. Amma wannan bashi ne daga Babban Bankin Nijeriya, shinkafa ya fi mayar wa hankali, kuma kowa ya ji yadda aka yi ta fama wajen karɓo kuɗin. Bashin da ya fito daga Abuja, mutane kan ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa.

Akwai wata hanya da Japanawa suka soma a shekarun 1970, suna kiran ta teikei, makamanciyarta kuma ta soma a Amurka a 1986. Magidanta ne ke haɗa kuɗi su ba manomin da suka sani tun farkon shekarar noma, shi kuma ya riƙa kawo musu amfanin gona. In gona ta yi kyau a ci tare, in ta lalace a yi asara tare.

Nan ne nake da ja. Biyan kuɗi a kan abin da ba a san yawansa ba zai sa malamanmu su ce akwai garari, kuma suna da gaskiya. Fiƙihunmu ya riga ya tanadi cinikin salam: a biya kuɗi nan take, a ambaci irin kaya da awonsa da ranar kawowa, ba tare da an ɗaure shi ga wata gona guda ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke nuna cewa da ƙungiyar manoma ya kamata a ƙulla cinikin. In ambaliyar Gulbin Zamfara ta cinye fadamar wani a Jega, kamar yadda ruwa ya yi wa jihar nan ɓarna a 2020, ɗan'uwansa na Maiyama ya cike gurbin.

Masu albashi ba su yi ƙaranci ba a yankin: ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, kuma ma'aikata sun saba da adashi. Abin da zai ba da wahala shi ne ajiya, domin albasa na ruɓewa a rudu idan laima ta shige ta. Dole a rubuta tun farko wa ke ɗaukar asarar buhun da ya ruɓe, a gaban shaidu biyu da mai unguwa. Shawarata a fara da gero da shinkafa, waɗanda ke jure ajiya, a shekara ta biyu a shigo da albasa.