Filin Mata: Shirin Kai 'Yan Mata Yankari

Yau zan ajiye zancen girki da reno, mu yi zancen tafiya.

Kwanan baya ina koyar da labarin ƙasa, sai na rubuta kalmar "daji" a allo, na ce kowace yarinya ta faɗi abu ɗaya da ake samu a cikinsa. Ta fari ta ce babur. Ta biyu ta ce bindiga. Wata daga baya can ta ce, "Malama, nan aka kai babanmu." Har aka zagaye aji ba wadda ta ambaci barewa, ko gada, ko da zomo. Na rasa ta cewa, na share allo muka koma lissafi. Ga shi kuwa mu da muka tashi tsakanin Isa da Sabon Birni mun sha jin kakanninmu suna ba da labarin dajin Gundumi, da namun da maharba kan kawo daga cikinsa, da kukan kura da dare. 'Ya'yanmu ba su gaji wannan ba, tsoron kaɗai suka gada.

Tun ran nan na ƙudura a raina, in Allah ya yarda, sai na kai waɗansu daga cikinsu sun ga dajin da aka keɓe domin dabbobi, inda mutum ke shiga da rana tsaka ya fito yana dariya. Na shawarci malamai 'yan'uwana da iyaye mata kaɗan, muka tsai da Yankari ta ƙasar Bauchi. Na ga ya kamata in shimfiɗa muku shirin nan, ko wata za ta ƙaru, ko kuwa ta ga inda muka yi kure ta gyara mana.

Watakila wata ta ce, ai akwai waɗanda suka fi kusa. Gaskiya ne. Akwai Kamuku a Birnin Gwari, akwai gandun Kainji, akwai kuma na W a Nijar. Amma duk ukun nan ciwon da ke damunmu ya taɓa su, ba wuraren kai yara ba ne a halin da ake ciki.

Yankari tana cikin ƙasar Alkaleri, faɗinta ya zarce murabba'in kilomita 2,200. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta yarda a keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a ƙofa ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 ta zama gandun ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mai da ta hannun Jihar Bauchi. Saboda haka 'yar makarantar da aka tambaya a jarrabawa ta lura, yanzu ba a lissafa ta cikin gandayen Tarayya, ko da yake bakin mutane bai daina kiranta da tsohon sunan ba.

To, abu na fari shi ne lokaci, kuma nan ne mafi yawan masu zuwa kan yi asara. Mutum ya tashi da damina don yana son ganin daji kore shar, ya biya kuɗin mota, ya komo bai ga kome ba sai ciyawa da birai. Dalili kuwa, da damina ciyawa ta fi tsawon mutum, ruwa yana ko'ina, dabba ba ta da bukatar fitowa. Da rani ne, daga wajen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu, tafkuna kan ƙafe, ƙishirwa ta koro namun daji zuwa bakin kogin Gaji wanda ya ratsa gandun. Mai son ganin giwa sai ya daure wa zafin bazara. Mu Gobirawa wannan ba zai ba mu tsoro ba, wanda ya yi bazara a Isa ina zafin da za a nuna masa? Mun zaɓi hutun zango na biyu, wajen Afrilu. Masu shirya tasu su duba kada ta faɗa cikin azumi, domin yini cikin buɗaɗɗiyar mota da bakin azumi wahala ce ga yara.

Sai hanya, wadda ita ce ta hana ni barci. Ba zan ɓoye muku ba, domin kun fi ni sani. Ba wanda ya manta matafiyan da aka ƙone cikin mota tsakanin Sabon Birni da Isa a Disamba 2021. Da na je wa mahaifiyar wata ɗalibata da maganar, ta dube ni ta ce, "Malama, mu da muke gudun daji, ke kuma ki ɗauki ɗiyata ki kai ta daji da kuɗina?" Na ce, "Inna, kina da gaskiya, ba ni da bakin musu." Muka zauna na bayyana mata ƙa'idodin da muka ɗaura wa kanmu. Ba a tafiyar dare, ko taƙi ɗaya. Ba mu bin ta Shinkafi da Ƙauran Namoda ko da ta fi gajarta. Za mu fara sauka Sakkwato, mu kwana wurin dangi, washegari da sassafe mu kama hanyar Kano, ita ma sai mun tambayi direbobin tasha yadda Gusau da Tsafe suka kwana. Ba a sanar da ranar tashi a dandali ko a waya, iyaye kaɗai za su sani. Maza biyu daga cikin iyayen yara za su raka mu. In kuwa mako guda kafin tafiya labarin hanya bai yi daɗi ba, an fasa, ba gardama, kuɗi ya zauna sai baɗi. Ta yi shiru, ta ce sai ta shawarci malam. Har yanzu ban ji amsa ba, ban kuwa matsa mata ba.

Can ɓangaren Bauchi ma a tambaya. A 2025 an kai hari waɗansu ƙauyukan ƙasar Alkaleri, saboda haka kafin a tashi a nemi ma'aikatan gandun a ji ta bakinsu, a kuma kama ɗaki tun da wuri. 'Yan'uwanmu da rikici ya mai da su Sakkwato ko Kano, su tafiyar ta fi musu sauƙi, rabin damuwarmu ba ta same su ba.

Daga Kano a bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, wajen kilomita 300. A garin Bauchi lalle a tsaya a kai yara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista na farko, wanda aka kashe a Janairu 1966. Malamin makaranta ne kafin ya shiga mulki, shi ne kuma ya rubuta Shaihu Umar. Sa'a ɗaya ta isa. Daga nan a kama hanyar Gombe har Dindima, a karya dama zuwa ƙofar Mainamaji inda ake biyan kuɗin shiga. Kada a ɗauka an iso, akwai sauran kamar kilomita 40 cikin gandun kafin masaukin Wikki. Duka daga Bauchi wajen kilomita 110 ne. In an lissafa, kwana uku zuwa, kwana biyu a can, kwana uku komowa. Ziyarar gajeruwa ce, hanyar ce doguwa, haka Allah ya ajiye garinmu.

Kwana biyun nan ga yadda na so a raba su. Fita kallon dabbobi sau biyu ake yi, da sassafe da kuma la'asar, domin da rana ta take su ma inuwa suke nema. Ana shiga mota tare da ɗan jagora na gandun, ba a sauka sai ya ce a sauka, ba a ihu, ba a jifa. A yi fita biyu ko uku, kada a dogara ga ɗaya. Abin da ake sa ran gani shi ne gwambaza, da mazo, da gwanki, da kanki, da ɓauna, da mugun dawa, da dorina da kada a ruwa, da tsuntsaye iri fiye da 350. Zaki akwai shi, amma ya yi ƙaranci ƙwarai, kada a yi wa yara alkawarinsa. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa a Sumu ake zuwa ganinsu, kusa da Kafin Madaki a kan hanyar Ningi, daga ƙasar Namibiya aka kawo su.

Giwa ita ce sarauniyar wurin, Yankari na cikin 'yan wuraren da suka rage mata a Nijeriya. Ita ma sai an yi sa'a, gama masu farautar haure sun rage ta da yawa. Ina so 'yan mata su san abu biyu game da ita kafin su gan ta. Cikinta wata 22 ne, watau mace ta haihu, ta yaye, ita tana nan da cikin fari. Na biyu, garken giwaye tsohuwar mace ce ke jansa, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, in ta tsaya kowa ya tsaya. Toron giwa in ya balaga barin garke yake yi. Da na gaya wa kakata wannan ta ce ashe dabba ma ta san gida na tsohuwa ne. Amma kada mu yi ta yabo mu manta manoman ƙauyukan gefen gandun, waɗanda giwa kan shiga gonarsu dare ɗaya ta cinye noman shekara. Su ba kallo suke yi ba.

Tsakar rana sai Wikki, maɓuɓɓugar da masaukin ya ci sunanta. Ruwa ne garai-garai mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, ana hango yashin ƙasansa. Wajen bakin dutsen ya sha kan mutum, can ƙasa kuwa bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba. Yaranmu da yawa ba su iya iyo ba, saboda haka ba mai shiga sai ga babba tsaye, kuma a tsaya wajen marar zurfi. Wurin na kowa ne, maza da mata, har da baƙi daga ƙasashen waje. Mu mun shirya mu roƙi ma'aikata su nuna mana lokacin da ba cunkoso, kowace yarinya kuma ta zo da doguwar riga da wando na shiga ruwa. In lokaci ya ragu a nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, sa'an nan a leƙa ɗakin ajiye kayan tarihi da ke masaukin.

Yanzu ga gargaɗin da duk wanda ya je ya komo da shi: gwaggon biri. Sun saba da mutane har sun raina su. Sukan buɗe ƙofa in ba a kulle ba, su shiga ta taga, su fizge leda daga hannun yaro. An ce sun fi raina mata da yara, wannan kam ya ɓata mini rai. Kada a ci abinci a fili, kada a ba su ko ɓawon ayaba, in sun ƙwace abu a bar musu, cizonsu mugu ne.

Guzuri a yi na abin da ba ya lalacewa: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo da sukari, soyayyar gyaɗa. Fura ba ta kai Kano da zafin nan. Akwai wurin sayen abinci a masaukin, amma mai yara goma ta san abin da wannan zai ci mata. A ɗauki ruwan sha da yawa, da gidan sauro, da tocila, da gishirin zawo, da maganin da kowace yarinya ta saba sha, a rubuce da sunanta. Akwai ƙudan tsando a bakin kogi, cizonsa kamar allura, baƙi da shuɗi kuwa su ke jawo shi. Wannan ya ba mu dariya, domin hijabin makarantar da yawa daga cikin yaranmu shuɗi ne. A sa mai ruwan ƙasa ko toka-toka, mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. A koya wa yara sallar kasaru tun a gida. Kowace kuma ta riƙe littafi da fensir, ta rubuta sunan duk dabbar da ta gani da Hausa, domin sunayen nan ma ɓacewa suke yi. Ku gwada tambayar 'yarku bambancin gwanki da kanki ku ji.

Kuɗi ban faɗi adadi ba da gangan, domin kuɗin mota na yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Mu adashi muka kafa tun farkon shekarar karatu, kowace uwa tana zuba abin da ta iya ran kasuwa, wata daga kuɗin ƙuli, wata ta sa akuya a gefe. Mun yarda a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan lissafi saboda ɓacin mota ko ƙarin kwana. Mun kuma yarda kujera biyu na marayu ne, a kan kowa, kuma yarinyar nan da ta yi maganar babanta tana cikinsu in mahaifiyarta ta amince.

Wadda ta taɓa kwana a Wikki da yara, ina roƙo ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda ta yi da wajen kwana, ko ɗaki ɗaya yana ɗaukar yara nawa, ko kuma ana barin mutum ya hura risho ya dafa nasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.