Wayar Lantarki Amana Ce

A ranar 20 ga Afrilu, 2017, babbar wayar lantarki ta tsinke ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, aƙalla mutum 7 suka halaka. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke mai sakaci.

'Yan'uwa Musulmi, aikin injiniyan lantarki a cikin bango yake ɓuya, mai gida ba ya gani. In ya karɓi kuɗin waya mai kauri ya sa siririya, ranar da kaya suka yi mata yawa sai ta ɗau zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi ana barci. Wannan tauye mudu ne, irin wanda Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu shi gargaɗin azaba.

Tun 1970 aka kafa hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi, amma takardar shaida ba ta maye gurbin tsoron Allah. Don haka muke kira ga injiniyoyinmu, kada su sa hannu a aikin da ba su duba ba. Masu gidaje kuma su daina guje wa ƙwararru saboda araha, domin rai ba shi da fansa. Allah Ya kiyaye.