Waya Lafiya Lau, Amma Manhaja Ta Ce Ta Tsufa

Yau ina so mu tattauna a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a nan Giade da ƙauyukan kewaye, har zuwa Azare da Yana, wato matsalar sabunta manhajar waya, abin da samarinmu ke kira ofdet. Mutum zai tashi da safe ya ga WhatsApp ya ƙi buɗewa, ko manhajar banki ta ce sai an sabunta ta, idan ya je sabuntawa kuma a ce wayarsa ba za ta ɗauka ba. Ga waya lafiya lau, gilashi bai fashe ba, batiri na riƙe caji, amma ta zama kamar rediyo marar batir.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To ba ƙarami ba ne ga ɗan kasuwa. Mahaifina hatsi yake saye da sayarwa, kuma shi da abokan cinikinsa yawancinsu ba rubutu suke yi ba, saƙon murya suke turawa: buhu nawa aka ɗora, nawa aka biya, nawa ya rage. Wannan shi ne littafin bashinsu. Mu kuma da danginmu ke ƙetaren iyaka a Nijar, ta nan muke jin haihuwa da rasuwa ba tare da kuɗin kira ya cinye mu ba. Ranar da manhajar ta tsaya, ciniki da zumunci ne suka tsaya tare.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ba yau aka fara ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya muka yi zamanin Nokia da Opera Mini da 2go, sannan aka yi yayin BlackBerry. A ƙarshen 2017 WhatsApp ya daina aiki a BlackBerry, a ƙarshen 2018 ya bar ƙananan Nokia masu tsarin S40. A watan Nuwamba 2021 ya bar Android 4.0 da na ƙasa da shi, a watan Oktoba 2023 kuma ya ce sai Android 5.0 zuwa sama. Kowane zagaye sai an zubar da wasu mutane a hanya, kuma kusan kullum masu ƙaramin ƙarfi ne ke faɗuwa.

Me ke jawo haka? Kowace waya tana da babbar manhaja, wadda ita ce kamar harsashin gini, sauran manhajoji kuma a kanta suke zaune. Masu manhaja suna ta ƙara sababbin abubuwa suna toshe kafofin da ɓarayi ke bi, har a kai inda tsohon harsashi ba zai ɗauki sabon ɗaki ba. Kamfanin da ya ƙera wayar shi ne ya kamata ya riƙa sabunta harsashin. To a nan gizo ke saƙa: yawancin wayoyi masu araha da ke cika kasuwanninmu, da gwanjon da ake kawowa daga waje, da zarar an sayar an gama da su. Babbar manhajar da ta zo da ita, da ita za ta mutu.

Amma kafin mutum ya yanke hukuncin cewa wayarsa ta gama, akwai abubuwan da ya kamata ya duba, domin sau da yawa ciwon bai kai na asibiti ba. Na farko shi ne wuri. Sabuntawa tana bukatar fili fiye da girman manhajar kanta, saboda sai an sauke ta sannan a kwance ta, mu kuwa wayoyinmu cike suke da bidiyon biki da wa'azi da finafinai. A kwashe su zuwa memori, a sake gwadawa. Na biyu, kwanan wata da lokaci. Idan an cire batiri ko waya ta daɗe a mace, agogonta kan koma baya, kuma da agogo marar daidai Play Store da WhatsApp duk za su ƙi aiki. Na uku, sabis. Saukewar da ta katse a tsakiya takan maƙale, sai a shiga saitin waya a share tarkacen da Play Store ya tara, a jira dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Na huɗu, a shiga saiti, can ƙasa wajen bayanin waya, a ga lambar Android ɗin. Idan ita ce ta yi ƙasa, to galibi filashin ba zai ɗaga ta ba.

Sai batun tura manhaja ta Xender, wanda kowa ke yi don tsimin data. A da yana aiki sumul, yanzu kuwa sau da yawa sai a tura ta ƙi shiga, mutane su ce wayar ce ta lalace. Ba haka ba ne. Tun watan Agusta 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke sa kowace waya ta karɓi ɓangaren da ya dace da ita kaɗai, kamar tela ya auna ka ya yi maka ɗinki. Rigar da aka ɗinka wa wani ba lalle ta shige ka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da wasu ke bayarwa, wanda ya fi ciwon muni. Da WhatsApp ya ƙi, sai a sa wa mutum na jabu irin su GB, alhali kamfanin ya sha faɗa cewa yana rufe layin masu amfani da su, kuma babu wanda ya san hannun da saƙonninka ke bi. Mafi haɗari shi ne manhajar banki da aka samo daga wani wuri daban, ko dattijo ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga yaron da bai sani ba a bakin kasuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan manhajar banki ta ƙi, a koma lambobin nan masu tauraro da ake dannawa, suna aiki ko a 'yar rakani banɗaki.

Ni a ganina ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin duka a ce bai waye ba. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, an tura kowa ga transfa ko ya shirya ko bai shirya ba, mai awo da mai dabbobi duka. Bayan nan darajar naira ta faɗi, kuɗin waya ya ninka. Ta yaya za a ce wa manomin Isawa ya sayi sabuwar waya saboda manhaja ta yi fushi, alhali kuɗin taki yake nema?

Wasu za su ce kamfanoni ba za su dawwama suna gyara tsohon kaya ba, kuma da gaskiyarsu, tsohuwar manhaja ƙofa ce a buɗe ga 'yan damfara. Ban ce kada a sabunta ba. Cewa nake a faɗa wa mai saye gaskiya tun farko. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu, kuma daga Yuni 2025 Tarayyar Turai ta wajabta sabuntawar aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin waya. Ashe abu ne mai yiwuwa. Hukumar NCC, wadda ke tantance wayoyin da ake shigowa da su, me zai hana ta sa a rubuta a jikin kwali shekarar da sabuntawa za ta ƙare, kamar yadda ake rubuta wa magani? Bankuna kuma su tuna abokan hulɗarsu ba duka ke Abuja ba, su yi manhaja marar nauyi kamar yadda aka yi Facebook Lite tun 2015.

Kafin a kai can, shawarata ga mai zuwa Azare ko Farm Centre a Kano sayen waya: kada kyamara da launi su ɗauke maka hankali. Ka tambayi lambar Android da girman ma'adana, ka buɗe saiti ka gani da idonka kafin ka ƙirga kuɗi. Araha ba ta ado. Mu kuma samari da muka ɗan yi boko, mu riƙa duba wayoyin iyayenmu muna adana musu saƙonninsu tun kafin rana ta ɓaci.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, wassalam.