Sabuwar Manhajar Firamare: Me Yaran Aujara Za Su Yi Da Hannunsu?

Cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta yanke shawara biyu waɗanda suka shafi kowane malamin firamare. Ta farko ita ce sabuwar manhaja, wadda Ƙaramar Ministar Ilmi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, 'yar jiharmu ta Jigawa, ta ba da sanarwarta. An rage yawan darussa, har ya zama na aji ɗaya zuwa uku ba za su wuce 10 ba, an kuma ƙarfafa koyar da tarihin Nijeriya. Ta biyu kuwa, a watan Nuwamba Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya soke shirin nan na 2022 na koyar da yara da harshen gida, ya ce Turanci ne harshen koyarwa.

To, mu da aikinmu ya zama zagayen makarantu, abin da muka tambayi kanmu shi ne, lokacin da rage darussa ya samar, da me za a cika shi a Aujara da sauran ƙauyukan ƙasar Jahun? Muna tsoron kada a cika shi da abin da aka saba. Mun sha shiga aji mu tarar malam ya cika allo da rubutu, ya karanta, yara su amsa baki ɗaya, ya ce su sake. Mai wucewa a bakin hanya sai ya ce karatu ya yi kyau. Amma ran nan a wani ƙauye muka ɗebi tsakuwa goma sha biyu muka ba wani ɗan aji uku, muka ce ya raba wa abokansa huɗu daidai, sai ya tsaya yana duban malaminsa. Ga shi kuwa ya haddace jadawalin sau tun daga farko har ƙarshe. In an mai da wannan amshi da Turanci, abin sai ya daɗu, gama yaron da bai gane abu da Hausa ba, ina zai gane shi da harshen da ba ya ji ko a gida ko a kasuwa?

Maganar koyo da hannu ba baƙuwa ba ce. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, kuma makarantun elementare na zamanin En'e ba su rasa lambu da aikin hannu ba. Da aka soma shirin ilmi kyauta a 1976 yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, sannu a hankali aikin hannu ya koma tsintsiya ɗaya da yaro zai sayo ran jarrabawa.

Ra'ayinmu shi ne aikin ya riƙa girma tare da yaron, kuma kayansa su fito daga garin. 'Yan aji ɗaya da biyu su ƙirga ƙwallon dabino, wanda ba ya wuya a ƙasar Dutse, su ɗaure tsinke goma goma, su gina baƙaƙe da yumɓu. Wanda ya riƙe ɗaurin goma a hannunsa, ranar da aka faɗa masa sunanta na Turanci ya sami inda zai rataye shi. 'Yan aji uku da huɗu su kafa kasuwa cikin aji, da mudu da kuɗin takarda, a saya a ba da canji, sa'an nan a aike su wurin kakanninsu su tambayo asalin unguwarsu, su zana taswirarta. Tarihin Nijeriya daga nan ya kamata ya fara.

Na aji biyar da shida ne muke so malamai su lura da shi ƙwarai. A ba su fili kaɗan su auna da kansu, su shuka gyaɗa ko riɗi, su ajiye gwangwani da abin awo su riƙa rubuta ruwan kowace rana. In an girbe su auna, su fitar da kuɗin iri da na taki da riba, kowa ya rubuta labarin aikin. Lissafi da kimiyya da rubutu duk sun shiga cikin wannan aiki guda. Yaran da suka ga ambaliyar da ta ci gonaki a Jigawa a 2022 ba sai an yi musu dogon bayani kan amfanin awon ruwa ba.

Akwai wuya, ba mu ɓoye ba. Babban hutu yakan faɗo tsakiyar damina, watau lokacin da shuka ta fi bukatar noma, saboda haka sai an raba wa yaran da ke kusa ranaku, ko kuwa a koma ga zogale da lambun rani inda akwai rijiya. Ajin da ya cika maƙil kuma malam ɗaya ba zai iya da shi ba sai ya kasa yaran ƙungiya ƙungiya, kamar yadda aka koya wa malamai da yawa a zamanin shirin ESSPIN, wanda ya yi aiki a Jigawa tsakanin 2008 da 2017.

Amma babban laifin namu ne, mu masu zagaye. Mukan duba littafin tsara darasi da rajista, mu sa hannu mu tafi, malam kuwa abin da ake dubawa shi yake yi. Don haka muna roƙon Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha da ke Dutse ta sa wuri cikin takardar zagaye inda za a rubuta aikin da kowane aji ya yi a zangon karatu, mai zagaye kuma kada ya sa hannu sai ya ga aikin da idonsa, ya kira yaro biyu ko uku sun yi masa bayani.