Zuru da Tsibirin Ikko: Ina Aka Fi Matsuwa?

Yau labarin ƙasa za mu taɓa, a kan abu biyu da muke yawan cakuɗawa a ɗakin jarrabawa: yawan jama'a da cunkoson jama'a. Ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki ƙananan hukumomi biyu. Ta farko tamu ce, Zuru. A ƙidayar 2006 an samu mutum kimanin 165,000 a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 650. Ta biyu ita ce Tsibirin Legas, wanda Yarbawa ke kira Eko, mu kuma muka mai da shi Ikko. Ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ruwan da ke haɗe da Tekun Atlantika. A waccan ƙidayar mutanensa sun ɗan haura 200,000. Kun ga ba su fi mu da yawa ba. Sai dai faɗin tsibirin bai kai murabba'in kilomita 9 ba.

To, ku ɗauko biro. A raba yawan mutane da faɗin ƙasa. Zuru za ta ba ku kusan mutum 250 a kowane murabba'in kilomita, Ikko kuwa sama da 22,000. Wato filin da mutum ɗaya ke miƙe ƙafa a cikinsa a nan, mutum kusan 90 ne ke raba shi a can. Wannan shi ne cunkoso.

Dalili a fili yake. Idan Zuru ta cika, sai a yanka gona a bakin gari a fitar da filaye. Tsibiri ba shi da bakin gari, sai bakin ruwa. Ko dai a yi sama da bene, ko a cike ruwa da yashi. Shi ya sa haya ke da ɗan karen tsada, kuma da yake ƙasar kwari ce, ruwan sama kaɗan sai tituna su cika. Yayyenmu masu zuwa ci-rani Legas sun san wannan tun kafin su ga taswira.

Akwai kuma abin da ƙidaya ba ta kamawa. Inda mutum yake kwana ake ƙirga shi. Amma da gari ya waye, 'yan kasuwa da ma'aikata ke kwararowa ta gadar Carter da ta Eko da doguwar gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, suna nufar kasuwannin Balogun da Idumota da ofisoshin Marina. Ikkon rana daban, Ikkon dare daban.

Alƙaluman ma kansu sun tsufa. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da ƙidayar 2006, ta ce an rage mata mutane, ga shi kuma ba a sake wata ba, don ta 2023 ɗagewa aka yi. Yawancinku ba a haife ku ba lokacin da aka ƙirga mu. Saboda haka in kun kawo adadi a jarrabawa, ku haɗa da shekararsa.

Aikin gida: 'yan Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, ku nemo alƙaluman ƙaramar hukumarku wajen malamin labarin ƙasa, ku yi wannan rabawar, ku aiko mana.